Mai Musun Jinin da Aka Zubar: Kurkuku Ne Maganinsa?

Ranar Litinin 20 ga Fabrairu, 2006, wata kotu a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya ta yanke wa wani marubuci ɗan Ingila, David Irving, hukuncin ɗaurin shekara 3. Bai kashe kowa ba, bai kuma ƙona gidan kowa ba. Laifinsa shi ne jawaban da ya yi a wannan ƙasa tun 1989, inda ya musa cewa 'yan Nazi sun hallaka Yahudawa da iskar guba a sansanin Auschwitz. Kafin wannan mako ya ƙare, hayaƙi ya turnuƙe Kontagora: an ƙona majami'u, an farfasa shaguna, an kashe mutane. Wutar ta taso ne daga Maiduguri ranar 18 ga watan, inda zanga-zanga a kan zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu, wanda jaridar Jyllands-Posten ta ƙasar Denmak ta buga a watan Satumbar 2005, ta rikiɗe ta zama kisan Kirista. Daga nan sai aka far wa 'yan Arewa a Onitsha da sunan ramuwar gayya, ramuwar kuma ta haifi wata ramuwar.

A waɗannan kwanaki Musulmi da yawa, har da waɗanda suka yi tir da ƙone-ƙonen, sun yi wata tambaya. Suka ce, yaya Turai za ta ce zanen Denmak 'yancin faɗin albarkacin baki ne, sa'an nan a cikin wata guda ta ɗaure mutum saboda abin da ya fito daga bakinsa? Wannan tambaya ba ta wanke ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe ashana da galan ɗin fetur ba, gama mai bi da ke sayar da kaya a kasuwar Kontagora bai san hanyar Denmak ba, balle ya amsa laifinta. Amma tambayar tana da nauyi, kuma ba ta mutu ba. Ta sake tasowa a 2025 da wata fuska, sa'ad da gardama ta kaure a kan ko abin da ke samun Kirista a Nijeriya kisan ƙare dangi ne ko kuwa a'a, ran masu bi da yawa ya ɓaci da masu musu, har ana jin masu cewa da ma akwai dokar da za ta rufe musu baki. Ko ya dace Ikkilisiya ta nemi irin wannan doka?

Bakin Bahaushe yana da kalmomi biyu da akan cakuɗa. Kisan kiyashi shi ne a kashe mutane da yawa ba tausayi, kamar yadda ƙafa ke murƙushe kiyashi. Kisan ƙare dangi kuwa ya ɗara wannan, domin a cikinsa akwai niyya ta shafe wata al'umma saboda abin da take. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Folan, Raphael Lemkin, wanda 'yan Nazi suka hallaka yawancin danginsa, shi ne ya ƙago wa wannan laifi suna a 1944. Ranar 9 ga Disamba, 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi da hukunta shi, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 2009. Yarjejeniyar ta ce a hukunta wanda ya aikata, da wanda ya ƙulla makircin, da wanda ya zuga jama'a kai tsaye a fili, da wanda ya yi yunƙuri, da wanda ya ba da hannu. Ba ta ambaci mai musu ba. Dokokin ɗaure mai musu daga baya suka zo, ƙasa ƙasa: Faransa a 1990, Ostiriya ta ƙara wa tsohuwar dokarta ƙarfi a 1992, Jamus a 1994 da ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Amurka da Ingila ba su da irin wannan doka.

Zunubin Kayinu na biyu

Kafin a kai ga kotu, dole a fara da Maganar Allah, kuma a nan babu wata kwana-kwana. Kisan kai na farko a Littafi Mai Tsarki bai zo shi kaɗai ba, musu ya biyo bayansa nan take. Da Ubangiji ya tambayi Kayinu inda ɗan'uwansa yake, sai ya ce bai sani ba, har ya ɗora da gatse. Ubangiji bai tsaya gardama da shi ba, ya dai nuna masa cewa ƙasar da ta sha jinin Habila ta riga ta ba da shaida (Farawa 4). Mai kisa yana raba mutum da ransa. Mai musu yana so ya raba shi da mutuwarsa ma, ya mai da gwauruwa maƙaryaciya, ya mai da maraya mai ƙage. Doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, maƙwabcin da ke kabari kuwa shi ya fi kowa bukatar wannan doka, tun da ba ya iya tashi ya kare kansa.

Saboda haka masu goyon bayan waɗannan dokoki ba sakarkaru ba ne, bai kuma kamata a yi musu gurguwar fahimta ba. Hujjarsu ita ce, mai musun kisan Yahudawa kusan miliyan 6 ba ɗalibi ba ne da ya yi kuskuren lissafi. Idan kisan bai faru ba, ke nan Yahudawa ne suka ƙirƙiro shi don su ci riba, wannan kuwa ita ce tsohuwar ƙiyayyar da ta kai su ga halaka, ta sake riga kawai. A Jamus da Ostiriya, inda aka shirya kisan kuma 'ya'yan masu kisan da na waɗanda suka tsira suke hawa mota ɗaya, ƙasa ta ga cewa barin wannan ƙarya ta yi yawo tamkar barin garwashi ne a gindin rumbu. A Ruwanda abin ya fi haka kusa. A cikin kwana ɗari na 1994 an kashe mutum kimanin 800,000, yawancinsu Tutsi, gwamnatin ƙasar ma tana cewa sun haura miliyan. Wanda ya tsira yana ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da wanda ya sare mahaifinsa. Idan wannan maƙwabci ya tsaya a bakin rijiya ya ce ba abin da ya faru, wanda ya tsira ba gardamar tarihi yake ji ba, gargaɗi yake ji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tokar majami'arsa, sa'an nan ya ji ana cewa ai ɗan hargitsi ne na 'yan iska, ya san wannan zafi ba sai an fassara masa ba.

Amma ba kowane zunubi ne alƙali ke iya riƙewa ba. Ƙyashi zunubi ne, butulci zunubi ne, ba a kuwa kai mutum gidan yari dominsu. Tambayar ba ita ce ko musu mugun abu ne ba. Tambayar ita ce, idan aka sassaƙa wannan sanda, a hannun wa za ta kwana?

Sanda da mai riƙe da ita

A 1915 da shekarun da suka biyo baya, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kori Armeniyawa, al'ummar Kirista ta tun dā, daga garuruwansu zuwa hamada, waɗanda suka mutu kuma yawancin masana tarihi suna ƙiyasta su a miliyan ko fiye. Har yau gwamnatin Turkiyya ba ta yarda a kira shi kisan ƙare dangi ba. A 2005 an tuhumi marubuci Orhan Pamuk da laifin cin mutuncin ƙasa saboda ya ambaci kisan, an kuma yanke wa ɗan jarida Hrant Dink, Ba'armeniye ɗan Turkiyya, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. A watan Oktobar 2006 majalisar wakilan Faransa ta amince da ƙudurin hukunta duk wanda ya musa wannan kisa. Sai ga abin mamaki: Dink, wanda ƙudurin ya zo tamkar don share masa hawaye, ya ƙi shi. Ya ce in ya zama doka, zai je Faransa da kansa ya karya ta, ko da yake ya san kisan gaskiya ne. Ya gane cewa dokar Faransa da ta Turkiyya uwa ɗaya uba ɗaya suke, duka biyun suna ba hukuma ikon yanke abin da ya faru a tarihi, bambancinsu kawai wanda ke kan kujera. An harbe shi a ƙofar ofishin jaridarsa a Istanbul ranar 19 ga Janairu, 2007. Faransa ta sake gwadawa a 2012, majalisar tsaron tsarin mulkinta ta soke dokar. A 2015 kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce Suwizalan ta tauye haƙƙin wani ɗan siyasar Turkiyya, Doğu Perinçek, da ta hukunta shi saboda musun kisan Armeniyawa, alhali kotun nan ce a 2003 ta ƙi sauraron koken Roger Garaudy, wanda Faransa ta hukunta saboda musun kisan Yahudawa. Alƙalan sun kawo dalilansu, wasu ma masu ƙarfi. Amma Ba'armeniye yana da ikon ya tambaya ko jinin kakansa ya fi na wani araha ne. Duk dokar da ta zaɓi matattun da za ta tsare, ta riga ta gaya wa sauran matattu matsayinsu.

Ruwanda ta kafa dokarta a 2008, ta gyara ta a 2013 da 2018. A Janairun 2010 'yar adawa Victoire Ingabire ta dawo daga Turai don ta tsaya takara, ta je wurin tunawa da kisan a Kigali, ta ce ya kamata a tuna da Hutun da aka kashe su ma. An ɗaure ta shekara 8 bisa laifuffukan da suka haɗa da raina girman kisan, kotun ƙoli ta mai da shi 15. Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ce a 2017 an tauye mata 'yancin magana. An yi mata afuwa a 2018, aka sake kama ta a 2025. Kizito Mihigo, mawaƙin Ikkilisiyar Katolika wanda aka kashe mahaifinsa a 1994, ya shiga uku ne bayan da ya yi waƙa a 2014 yana roƙon a yi addu'a domin dukan waɗanda aka kashe. An ɗaure shi bisa tuhumar makirci, ya kuma mutu a hannun 'yan sanda a Fabrairun 2020. Babu mai hankalin da zai ce kisan Tutsi bai faru ba. Abin lura shi ne yadda katangar da aka gina don kare matattu ta zama inuwar masu mulki.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Dokar da ta hana zagin Allah da sarki doka ce mai kyau a Isra'ila, amma da ita Yezebel ta kashe Nabot: 'yan iska biyu, shaidar zur, jifa, sai gonar inabi ta koma hannun Ahab (1 Sarakuna 21). Da irin wannan tuhuma aka jajjefe Istifanas. Da ita kuma aka yanke wa Ubangiji Yesu kansa hukunci a gaban majalisa. Ikkilisiya ta fi kowa sanin ɗanɗanon dokar da ke farautar baki.

A zo gida

Jihar Neja tana da nata rabo a wannan zance. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, wanda a lokacin yake wakiltar Neja ta Arewa, mazaɓar da Kontagora ke ciki, ya sake gabatar da ƙudurin hana kalaman ƙiyayya, wanda ya tanadi kisa ta hanyar rataya ga wanda maganarsa ta jawo mutuwar wani. A wannan shekara Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ta Gabas ya kawo ƙudurin hukunta masu yaɗa ƙarya a intanet. Ba za a ce damuwarsu ba ta da tushe ba, gama magana zarar bunu ce, kuma jita-jita ta sha cin rayuka a Arewa. Amma jama'a suka taso, 'yan jarida da lauyoyi da shugabannin addini, ƙudurorin biyu ba su zama doka ba. Abin da jama'a suka hango shi ne wanda zai fassara kalmar ƙiyayya da kalmar ƙarya. A 2025 aka ga misali a Minna, inda gwamnan jihar ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi bisa zargin tunzura jama'a, ba tare da an fara zuwa kotu ba.

Ga kuma abin da ya fi muni. A Turai mai musu yakan zama wani ɗan tsiraru da ke gefe, hukuma kuwa ta amsa laifinta. A Nijeriya sau da yawa hukuma ita ce mai musun. An kashe Ibo dubbai a biranen Arewa a 1966. Sojojin tarayya sun harbe maza ɗaruruwa a Asaba a Oktobar 1967. An rusa Odi a 1999, aka yi Zaki Biam a 2001. A Disambar 2015 sojoji sun buɗe wa 'yan Shi'a wuta a Zariya, sai a gaban hukumar bincike wani babban jami'in gwamnatin Kaduna ya amsa cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Bayan harbin Lekki na 20 ga Oktoba, 2020, ministan yaɗa labarai na lokacin ya yi ta cewa ba a yi wani kisan kiyashi ba, kwamitin da gwamnatin Legas ta kafa kuwa ya ce an yi. Hukumar Mai Shari'a Oputa, wadda aka kafa a 1999 kuma Fada Matthew Hassan Kukah ya zama ɗaya daga cikin membobinta, ta karɓi koke kimanin 10,000, ta miƙa rahotonta a 2002. Tsofaffin shugabannin ƙasa uku sun ƙi bayyana a gabanta, gwamnati kuma ba ta taɓa buga rahoton a hukumance ba, sai ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka fitar da shi a 2005. Darasin tarihi ma an cire shi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare a wajajen 2009, ya yi fiye da shekara goma a waje. Ƙasar da ke da wannan hali, in aka ce ta rubuta jerin kashe-kashen da ba a yarda a musa ba, an ba kura ajiyar nama ke nan.

Ko tarihin Kontagora kansa ya isa gwaji. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa garin a wajajen 1864, ɗansa Ibrahim ya faɗaɗa ikonsa har Turawa suka ci garin a 1901. A fada ana tunawa da su a matsayin jarumawan da suka kafa masarauta. A ƙauyukan Kambari da Dukawa da Gwari kuwa, inda Ikkilisiyoyi da yawa na wannan yanki suke da saiwa, tsofaffi sun gāji labarin hare-haren kamun bayi, da gudu zuwa kan duwatsu, da garuruwan da suka zama kufai. Turawan mulkin mallaka sun rubuta wannan labari da ƙwazo, domin ya zame musu hujjar cin ƙasa, su ne kuma a 1906 suka shafe Satiru kusa da Sakkwato, inda aka kashe mutum kimanin 2,000. To, wanne daga cikin waɗannan labarai majalisar dokoki ta Minna za ta buga wa hatimi, wanne kuma za ta ce mai faɗinsa ya tafi kurkuku? Jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda aka kai wa suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, wasu suna zama a benci ɗaya ranar Lahadi. Suna bukatar su iya yin wannan zance da juna a hankali. Ɗan sanda a tsakaninsu ba zai ƙara musu gaskiya ba.

Gardamar 2025 ta nuna wata matsalar. Ranar 31 ga Oktoba shugaban Amurka Donald Trump ya mai da Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, gwamnatin tarayya ta ce ba wani kisan ƙare dangi. Bayan mako uku, ranar 21 ga Nuwamba, 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 200 da malamansu daga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri, a ƙarƙashin dayosis na Kontagora, sai a Disamba aka gama sako su. Masu bi na jihar nan ba su manta da bom ɗin Madalla na ranar Kirsimetin 2011 ba, ko Fada Isaac Achi da aka ƙona a gidansa a Kafin Koro a Janairun 2023. Wanda ya ce ba a taɓa kashe Kirista a Nijeriya saboda bangaskiyarsa ba, ƙarya yake yi. Amma kwana huɗu kafin Papiri an sace 'yan mata 25 a Maga ta jihar Kebbi, yawancinsu Musulmi, a Oktobar 2021 kuma an harbe masallata a masallacin Mazakuka a ƙaramar hukumar Mashegu. Akwai masu bi na ƙwarai, har da manyan limamai, waɗanda suka amsa cewa ana tsananta wa Kirista amma suna shakkar ko sunan ƙare dangi ya dace da dukan abin da ke faruwa, tun da sunan yana bukatar a tabbatar da niyya. Akwai kuma waɗanda suka binne 'yan Ikkilisiyarsu a ramuka a Binuwai da Filato da Kudancin Kaduna, suka ce ba su san wani sunan ba. Dokar musu za ta ɗaure ɗaya daga cikin waɗannan 'yan'uwa biyu. Ganin kuma wanda ke riƙe da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, ba wuya a gane ko wanne ne.

Ba sai an yi hasashe ba. Ranar 12 ga Mayu, 2022 aka kashe Deborah Samuel a kwalejin horar da malamai ta Shehu Shagari a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, aka kawo gawarta Tungan Magajiya a ƙaramar hukumar Rijau. Mutum biyun da aka gurfanar ba da laifin kisa aka tuhume su ba, daga bisani kuma aka sallame su. Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a jihar Bauci, wadda aka ce ta tura wa abokan aikinta wani bidiyo mai yin tir da kisan, ta yi wajen wata 19 a tsare kafin a ba da belinta, sai a Disambar 2024 kotu ta wanke ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba ya nufin baki ba shi da iyaka. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin magana, sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi don tsaron jama'a da haƙƙin wasu. Iyakar da ta fi aminci ita ce wadda yarjejeniyar 1948 ta ja: zuga. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda ba tarihi yake gardama a kai ba, yana kiran Tutsi kyankyasai, yana karanta sunaye da wuraren da mutane suka ɓuya, kotun Arusha kuma ta ɗaure shugabanninsa a 2003. Wanda ya hau mumbari ko bagade, ko ya ɗauki wayarsa, ya ce a tashi a gama da su wane, wannan doka ta riga ta san shi, kuma ba sabuwar doka ake bukata ba, sai dai zuciyar aiki da wadda ke akwai. Haka ma mai musun da ke bin gwauruwa yana razana ta, ko mai yi wa wanda ya tsira ƙazafi da suna.

Shi kansa Irving ba kurkukun Biyena ne ya karya shi ba. An sake shi a Disambar 2006 bayan wata 13, magoya bayansa suna ɗaukarsa shahidi. Abin da ya gama da shi ya faru ne a Landan shekara shida kafin nan, sa'ad da shi da kansa ya kai ƙarar wata malamar jami'a, Deborah Lipstadt, domin ta kira shi mai musu. Lauyoyinta suka sa masanin tarihi Richard Evans da mataimakansa suka bi littattafansa shafi shafi, suna gwada kowace magana da takardar da ya ce daga ita ya ɗauko. Ranar 11 ga Afrilu, 2000 alƙali ya yanke cewa da gangan ya murguɗa shaidu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai an sami mai haƙurin binsa har ƙarshe. Da aka ɗaure shi a 2006, Lipstadt tana cikin waɗanda suka ce ba su yi murna ba. Ta ci nasara ne domin akwai takardu: jerin sunaye, lissafin jiragen ƙasa, zanen gine-gine, shaidar waɗanda suka tsira.

Nan ne Nijeriya ta fi talauci, Ikkilisiya kuma ba za ta ɗora wa gwamnati dukan laifin ba. A kowace majami'a akwai littafin baftisma da na aure da na baiko, ana kuwa riƙe na baikon da kyau ƙwarai. Majami'u nawa ne ke da littafin waɗanda aka kashe, da suna, da rana, da wuri, da sunan wanda ya gani da idonsa? Akan ji lissafi mai sifili da yawa a bakin masu wa'azi da masu neman taimako daga waje, lissafin da idan aka tambayi tushensa sai a yi shiru. Ƙari a kan gaskiya shi ma shaidar zur ne, kuma shi ne abincin mai musu, gama da ya kama ƙarya ɗaya sai ya yi watsi da gaskiya goma. Sa'ad da Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafin Irmiya da wuƙa ya jefa a kaskon wuta, Ubangiji bai umarci annabin ya nemi a hukunta sarki ba. Ya umarce shi ya ɗauko wata takarda, Baruk ya sake rubutawa daga farko, har aka ƙara wasu maganganu a kai (Irmiya 36).

Littafin kuma ba zai zama na gaskiya ba in shafi ɗaya kawai gare shi. A Yelwan Shendam an kashe Kirista da dama a cikin majami'ar COCIN a Fabrairun 2004, a watan Mayu kuma aka kashe Musulmi ɗaruruwa a garin, masu kisan da yawa suna amsa sunan Kirista. 'Yan Arewan da aka kashe a Onitsha a makon da Kontagora ta ƙone, masu sayar da albasa ne da masu gyaran takalma, ba su ƙona majami'ar kowa ba. A Ruwanda, ƙasar da kusan kowa ya yi baftisma, an karkashe mutane a cikin majami'un Ntarama da Nyamata, kotun Arusha kuma ta sami Fada Athanase Seromba da Fasto Elizaphan Ntakirutimana da laifi. Ikkilisiyar da ke son a amsa jinin 'ya'yanta, amma ta kau da kai idan aka ambaci jinin da 'ya'yanta suka zubar, ta koyi amsar Kayinu.

A zamanin Dawuda an yi yunwa shekara uku saboda Gibeyonawan da Saul ya karkashe, mutanen da ba Isra'ilawa ba ne, laifin da aka binne ba a kuwa taɓa amsawa ba. A cikin wannan labari mai wuyar haɗiya akwai Rizfa, wadda aka rataye 'ya'yanta biyu. Ba ta da kotu, ba ta da dakaru. Ta shimfiɗa tsummoki a kan dutse, ta zauna tun farkon kaka har saukar ruwan sama, tana korar tsuntsaye da rana, namomin jeji da dare, har labari ya kai kunnen sarki, ya aika aka tattara ƙasusuwan aka binne su yadda ya kamata (2 Sama'ila 21). Waɗanda suka ga Fabrairun 2006 a Kontagora da idonsu suna nan da rai, amma dattawan cikinsu sun fara tafiya, yaran da aka goya a guje a wancan mako kuma sun zama magidanta. Sakataren majami'a da littafi mai bango mai ƙarfi, da alƙalami, da 'yan Asabar kaɗan, zai iya zagaya gidajensu kafin damina.